Kawu da Layi na Goma

Na Allah ne mu duka, kuma Kawu ya riga mu komawa wurinsa ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar girbin gero.

Kwana uku na yi a kan tabarma a ƙofar gidansa a Kebbe ina karɓar gaisuwa, kuma duk wanda ya zo sai ya bar wata magana kafin ya tashi. Tsofaffin da ya yi aiki da su a sakatariya sun zo cikin mota ɗaya daga Tambuwal. Babbansu ya ce duk zaman da suka yi tare bai taɓa ganin an dawo da takardar da Kawu ya buga saboda kuskure ba. Wata tsohuwa daga Fakku ta aiko daga cikin gida a gaya wa maza cewa shi ne ya rubuta mata wasiƙar da ta dawo da ɗanta daga kudu. Maƙwabcinsa mai niƙa ya yi ta share ido da hannun riga.

A rana ta biyu wani dattijo ya gama addu'a, ya shafa, ya ce, "Mutumin kirki, wallahi. Abu guda na sani garai, rowar na'ura. Ka roƙe shi rigatai shi tuɓe shi ba ka, amma ka taɓa kwamfutar nan ka ga tashin hankali."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a zaman makoki a haɗiye ta da wuri. Baba Malam, yayan Kawu, wanda shi ne limamin unguwar, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar zancen ga. Allah shi gafarta mashi, shi da wasan nashi." Surukin Kawu, mijin 'yarsa, yana gefe. Ya sunkuyar da kai yana jan zaren tabarma.

Ni ban yi dariya ba. A wannan lokacin kwamfutar da ta gaji wadda ake magana a kai tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, a naɗe cikin zanen matata. Wata biyar ke nan tana can.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Kabu-kabu nake yi tsakanin Kebbe da Tambuwal, karatuna kuma bai wuce aji shida ba, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Na sake shi sau uku. Na kuma je na tambayi Baba Malam ko ya halatta in faɗi abin da mamaci ya ce kada in faɗa. Ya tambaye ni, abin zai tozarta shi? Na ce ban sani ba, amma ina ganin zai wanke shi. Ya ce to in rubuta, kunyar da Kawu yake ji ta duniya ce, ya kuwa bar ta.

Kawu mai buga takardu ne. Da tafireta ya fara, ya ƙare da kwamfuta. Da ya yi ritaya ya sami wata tsohuwa irin mai babban akwati da allo mai ƙeya kamar talabijin, ya kawo ta gida ya ajiye a ɗakin zaure. Da safe yana buga wa mutane wasiƙu da takardun gona. Na taɓa zama a wurin wani mutum ya zo a rubuta wa ƙaninsa wasiƙa a kan iyakar gona, ransa a ɓace. Yana faɗa Kawu yana bugawa, har ya kai inda ya kira ƙanin ɓarawo. Kawu ya tsaya, ya leƙa allo, ya ɗan bubbuga gefen akwatin.

"Na'ura ta ƙi kalmar ga," in ji shi.

"Ta ƙi? Yaya za ta ƙi?"

"Haka taka yi wani lokaci. Ba ni wata mu gwada."

Mutumin ya ba da wata, ita ma na'ura ta ƙi. Kafin a gama wasiƙar ta koma gaisuwa da neman a zauna gaban manya. Mutumin ya fita yana ƙunƙuni a kan kayan Turawa marasa tarbiyya.

Ni kuma shi ne fasinjan da bai taɓa guduna ba. A tasha an san ni. Sai na duba taya sau biyu, na girgiza tanki, na taɓa birki, sannan in tashi, kuma ba na gudu. Masu sauri in sun gan ni sai su wuce wurin na gaba. Kawu kuwa in zai je karɓar fansho sai ya aika a kira ni. Ya ce ni kaɗai ne mai mashin da mutum zai fara karatun sura a bayansa ya kai ƙarshenta bai ciji harshe ba. 'Yarsa, taubashiyata, malamar makaranta ce da ke aure a Sanyinna, ita ta sa mini suna In-kuma tun muna yara, don ba a gama magana ban ce "in kuma kaza ya faru fa" ba. Kawu bai taɓa kirana da sunan ba. In na fara lissafa masa abubuwan da za su iya lalacewa, sai ya bari in gama, ya ce, "Bari shi sauko mu ga siffatai."

Daga wasan ya samo wannan maganar. Wani tsohon wasa ne da ya zo a cikin kwamfutar. Bulo ne masu siffa iri-iri suke saukowa daga saman allo, kana juya su kana jera su a ƙasa. In layi ya cika sai ya ɓace a ba ka maki. In ka bari suka taru suka taɓa sama, wasa ya ƙare. Kullum bayan la'asar Kawu zai rufe takardu, ya gyara zama, ya yi wasan nan har a kusa kiran magariba. Da janareta ya fara, daga baya ya sa sola. Baba Malam ya yi masa faɗa a kai ba sau ɗaya ba. Ya ce ɗan gidan malamai, da furfura, ya zauna yana gina katangar da ba za ta tare ko akuya ba. Kawu ya ce, "Yaya, ban taɓa rasa jam'i dominta ba." Gaskiya ne, kuma Baba Malam ya sani, shi ya sa faɗan bai taɓa yin nisa ba.

Wanda ya yi nisa shi ne na surukinsa.

Da wata ƙaramar salla ne, shekara shida ko bakwai da suka wuce, ba na so in yanke in yi ƙarya. Taubashiyata ta zo gaisuwa da mijinta. Kawu ya shiga cikin gida, ya bar wasan a buɗe. Mijin ya saba da kwamfuta a wurin aikinsa, ya zauna ya ci gaba da jera bulo don ya rage zaman jira. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da Kawu ya dawo. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Tashi! Tashi nan! Wa yac ce ka taɓa?"

Ya finciko hannun surukinsa daga kan madannai, ya danna wani maɓalli a kusurwar sama ta hagu, wasan ya rufe. A ƙasarmu suruki ko sunansa ba a kamawa, balle hannunsa. Mutumin ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita. Taubashiyata ta biyo shi da mayafi a hannu tana kuka. Tuwon salla ya huce a kwano.

Washegari da sassafe Kawu ya aiko in kai shi Sanyinna. Mun yi tafiya mai nisa. Da muka isa wani kwari inda dole fasinja ya sauka a tura mashin, ya sauka, amma bai bi ni ba. Ya tsaya yana kallon yashi.

"Ka san jerin sunayen da wasan ga shika ajewa?"

Na ce na taɓa hango shi.

"Layi goma na. Ba shi ƙaruwa. Duk wanda yaf fi na ƙasa maki, shi shiga, na ƙasan shi faɗi."

Sai ya ba ni labarin. Lokacin da kwamfutar take sabuwa a gidan, ya yi wasa tara, makinsa ya cika layi tara. Rannan Inna, matarsa, ta kawo masa fura zaure, ta tsaya a bayansa tana kallo. Ta ce, "Ashe abin da kaka ɓata yini kai ke nan? Wanga ai jere na. Ko amarya ta iya." Ya ce ta zauna ta nuna. Ta zauna tana dariya, ta rufe baki da gefen zane, tana danna maɓalli da yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunya mai zafi. Ba ta daɗe ba bulo suka cika allo. Ta ci maki ɗari uku da arba'in, shi kuwa nasa dubbai ne. Amma layi na goma babu kowa, sai wasan ya nemi suna. Ya buga mata INNA, yadda yara suke kiranta. Ta ɗauki ƙwaryarta, ta nuna shi da ludayi, ta ce, "Tau, na shiga littafi. Kada ka kuskura ka goge ni."

Ba ta ƙara zama a gabanta ba. Shi kuma ya riƙe maganar a matsayin wasa tsakaninsu. Ya gano cewa in ka fita kafin bulo su taɓa sama, wasan ba ya rubuta komai. Sai ya riƙa yi, in ya ga sun kusa cikawa ya danna maɓallin nan na kusurwa. Takan leƙo ta ce, "Ina nan?" ya ce, "Kina nan." Bayan shekara biyu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

"Tun ran da taz zauna kujerar nan ban ƙare wasa ko guda ba," in ji Kawu. "Jiya saura layi biyu su taɓa sama."

Na ce, "Kawu, ai sai ka gaya musu. Za su gane."

Ya kalle ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa. "In tsaya gaban ɗiyata da mijinta in ce sunan matata nika gadi? Da gemun ga? Kai ma don mashin ɗinka ba shi da sauri na faɗa maka. Kada in ji shi bakin kowa."

A Sanyinna ya ba surukinsa haƙuri, ya ce tsufa ne da zafin rana. Mutumin ya karɓa, don mai kunya ne. Amma daga ranar bai ƙara shiga zauren ba, a waje yake gaishe shi. Taubashiyata kuwa ta riƙe abin a ranta. Ta taɓa ce mini, "Baba ya fi son akwatin nan da mutane. Ko ranar da Inna ta cika kwana arba'in sai da yaz zauna gabanta." Ban gaya mata dalili ba. Na yi alkawari.

Bana da ruwan farko aka yi tsawa, ta bi waya ta ƙone kwamfutar. Kawu ya kira ni, na same shi zaune a gabanta, ɗakin yana warin ƙonannen roba. Na ɗaure akwatin a bayan mashin da katifar yara a ƙarƙashi, na kai shi Tambuwal wurin wani mai gyara da ke kusa da tasha, mutum mai furfura a gemu da tabarau ɗaure da zare. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce gawa ce. Amma faifan da ke ajiye abubuwa a ciki yana da sauran numfashi. Ya yi ta lallaɓa shi har ya kwashe abin da ke ciki, faifan yana ƙara kamar an taka busasshen kara, daga nan bai sake juyawa ba.

Da taubashiyata ta ji, ta aiko da tsohuwar laftof ɗinta, da saƙo a bakin direba: a ba Baba, kada ciwon rashin bulo ya kama shi. Mai gyara ya zuba komai a ciki. Takardun gona suka buɗe, wasiƙu suka buɗe. Wasan ya ƙi. In an danna shi sai wani ɗan rubutu ya fito ya koma.

"Ya tsufa da yawa," in ji mai gyara. "Manhajar da ke tuƙa laftof ɗin ga ƙarama ta, ba ta san yarenai ba. Sai an ɗaga ta an sa babbar. Ita babbar tana da wani ɗaki ciki da anka yi don tsofaffin abubuwa irin wanga. Can za mu sa shi, shi ɗauka gidansu na da shike."

Na ce, "Jerin sunayen da ke ciki fa?"

"Na kwafe komai ga ɗan filas ɗin ga na ajiyar bayanai. Ga shi, riƙe."

"In kuma an ɗaga, wasan ya buɗe, ya ƙi gane jerin?"

"Da wuya."

"In kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki? In kuma filas ɗin ya lalace a aljihuna? In kuma ya buɗe ya fara sabon jeri a kan tsohon?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, kai likita anka aiko ko alƙali?"

"Ka rantse mini ba abin da zai goge."

"Ni ba ni rantsuwa bisa na'ura. Ko uwata ta kawo ta, ba ni rantsewa. Na ce maka da wuya. In kana so a yi, aje. In ba ka so, ga ƙofa, akwai masu jira."

Na ɗauki laftof ɗin na fito. Ga abin da na yi tunani, kuma ina so in rubuta shi yadda yake ba tare da na gyara kaina ba. Na ce a raina, muddin ba a taɓa ta ba, sunan Inna yana ciki. Ba a ganinsa, amma yana nan. In aka taɓa ya ɓace, ni ne na kai, ni ne na ce a yi. Na ga fuskar Kawu a ranar sallar nan, na tuna yadda ya finciki hannun surukinsa, na ji ba zan iya zama mutumin da zai shiga zaure ya ce masa ta goge ba. Na kai ta gida, na naɗe a zane, na sa a akwati, na sa filas ɗin a cikin kwalbar magani na toshe bakin da tsumma saboda tururuwa.

Na gaya wa Kawu ana kan aiki. Ban ɗauke shi ƙarya ba a lokacin. Yanzu na san ƙarya ce.

Damina ta zauna, hanya ta lalace, na sami abin fakewa. Duk ranar da na je gaishe shi sai ya ce, "Ina labarin bulo?" In ce hanya, Kawu. In ce mai gyara ya yi tafiya. In ce ana jiran wani abu daga Sakkwato. Sai ya gyaɗa kai. Mutane suka daina kawo wasiƙu. Bayan la'asar yakan zauna a kujerar nan dai, gaban teburin da babu komai sai shatar inda akwatin ya zauna shekara da shekaru. Wata rana na shigo ban yi sallama da ƙarfi ba, na ga yatsunsa uku suna motsi a kan gwiwarsa, hagu, dama, juya. Idonsa a kan bango.

Ƙafafunsa suka fara kumbura wajen tsakiyar damina. Muka kai shi asibiti, aka ba da magani, aka ce zuciya ce. Ba na cewa rashin wasan ne ya kwantar da shi. Ajali ba ya jiran na'ura, kuma Baba Malam ya ja mini kunne a kan wannan. Abin da nake cewa, watanninsa biyar na ƙarshe ya yi su ba tare da abin da ya saba gani kullum ba, kuma abin yana ɗakina.

Kwana tara kafin rasuwarsa ya ce kowa ya fita, ni in tsaya. Yana kwance a kan gadon kara, an tokare shi da filo.

"Tana gidanka, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Na sani tun watan farko. Mai gyaran ya aiko da gaisuwa, yac ce ko mun fasa." Ya yi tari, ya huta. "Mi kaka tsoro?"

"Kawu, in kuma ya goge?"

"In ya goge, ya goge. Ita kanta mai sunan ta tafi ina zaune kusa gare ta, ban iya riƙe ta ba. Ba wasan nika kewa ba, ɗana. Sunan nika so in gani. Kai ta. Bari shi sauko mu ga siffatai."

Na ce gobe in Allah ya yarda. Washegari aka tashi da hadari, na ce kada ruwa ya taɓa ta. Rana ta biyu na ga tayar baya ta yi sanyi. Rana ta uku na ɗaure ta a mashin, na kai har bakin gari, na tuna ban ɗauko filas ba, na koma, da na koma kuma ban sake fita ba. Sauran kwanakin ba ni da ko irin wannan hujjar. Ranar Talata ina tasha ina duba birki aka zo aka ce in zo gida.

Bayan sadakar bakwai na ɗauko laftof ɗin. Taubashiyata za ta koma Sanyinna, na ce ta hau in sauke ta, amma mu fara biyawa Tambuwal. Ta ga abin da na rataya a ƙirji, ta gane jakarta.

"Au, tana wurinka? In-kuma, me ka yi da ita duk damina, kwanci taka yi maka?"

Na ce ta bari mu isa.

Mai gyara ya yi mana gaisuwa, ya karɓa bai tambaye ni komai ba. Da hantsi ya fara. Wani layi ya fito a allo yana cika a hankali, laftof ɗin ta mutu ta tashi, ta sake mutuwa ta tashi. Na fita na dawo ya fi sau goma. Da aka kira azahar layin bai gama cika ba, na tafi masallacin tasha, na bar ta zaune a benci.

Ina dawowa, tun daga bakin rumfa, na ji kiɗan. Ɗan siririn kiɗan nan da nake ji daga zauren Kawu kullum bayan la'asar. Na shiga na ga mai gyara ya duƙufa, bulo suna saukowa.

"Ga shi ya tashi," in ji shi, bai waiwayo ba. "Gwadawa nika yi."

Na dubi gefen allo. Maki ɗari biyar da wani abu. Bai iya ba, ya tara su birjik da ramuka, saura kaɗan su taɓa sama, wani dogo yana saukowa a tsaye. Ni da nake duba taya sau biyu kafin in tashi, ban san lokacin da na tsallake bencin ba. Na ture hannunsa, na danna maɓallin kusurwar hagu. Kiɗan ya yanke.

"Kai lafiya?" in ji mai gyara.

Taubashiyata ta miƙe, fuskarta ta canza. "Kai ma? Rowar ce kag gada? Abin da Baba yai wa mijina bai isa ba?"

Ban san ko akwai abin da na tsare ba tukuna. Na ce wa mai gyara ya buɗe jerin sunaye. Ya danna yana hararata.

Ya fito. Layi na ɗaya, NI. Na biyu, NI. Haka har tara, don Kawu bai taɓa buga sunansa ba, NI kawai yake sawa. Layi na goma, INNA, ɗari uku da arba'in.

Ta matso, ta sa yatsa a allo, ta bi layukan ɗaya ɗaya har ƙasa. Ta tsaya a nan.

"Wace Inna?"

Na gaya mata. Furar, da ludayin, da "kada ka kuskura ka goge ni", da maɓallin kusurwa, da layi biyun da suka rage ranar salla. Mai gyara ya tashi ya fita waje ya ba mu wuri. Ta zauna a kujerarsa, ta ja hijabi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Da ta buɗe ba ni take kallo ba.

"Shekara goma sha fuɗu bai ƙare wasa ba?"

"Sha shida. Biyu tana raye."

"Ni ko ina cewa ko makokinta bai yi ba." Ta share ido. Sai ta juyo. "Aikin ga awa nawa yac ci yau?"

Na ce bai kai huɗu ba.

"Kuma wata biyar tana ɗakinka. Yana tambaya?"

"Kullum."

Na jira ta zage ni, ko ta kira ni da sunan da ta sa mini. Da ta yi, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ba ta kuma ce "ba komai" ba, kuma ba na ganin ya kamata ta ce. Ta rufe laftof ɗin a hankali, ta sake buɗewa, ta ce, "Nuna mani maɓallin."

Yanzu tana Sanyinna a wurinta. Mijinta ya zo Kebbe a makon da ya wuce, ya shiga zauren Kawu a karo na farko tun ranar sallar nan, ya zauna a ƙasa gaban teburin ya yi masa addu'a mai tsawo. Baba Malam da na karanta masa rubutun nan bai ce komai a kan wasan ba. Ya tambaye ni kawai, da wane harafi aka rubuta sunan, manya ko ƙanana. Na ce manya. Ya ce to.

Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa jin an ce Kawu marowacin na'ura ne, ya san abin da yake gadi. Ya roƙa masa gafara, shi da Inna, Allah ya haskaka kabarinsu ya sada su inda ba a fitar da kowa don wani ya shiga. In da sauran addu'a a bakinsa ya sa da ni. Kawu ya ce in kai ta, na ce gobe, kuma har yau in na ji kiran la'asar sai in tuna tafiyar ba ta kai rabin yini ba.